“Anti, na koma kamar keken da nake takawa”

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce, shekaruna 32, ina da aure da yara uku, muna zaune a Tudun Wada ta Kaduna. Shekara tara ke nan ina ɗinkin mata a wani ɗan shago da maigidana ya kama min kusa da gida, kuma alhamdu lillahi ana samun na cefane. Tun ina yarinya na fara riƙe allura a wurin kakata a birnin Zariya, ita surfanin rigunan maza take yi. Tun lokacin nake zana ɗinkunan da ke zuwa min a ka, yanzu littattafan sun kai biyar, suna can ƙasan akwati. Amma a shago ba mai tambayar ra'ayina. Kowace sai ta miƙo min waya ta ce, “Irin wannan sak nake so.” Bara wata ta kawo leshi mai tsada, na ga wuyan da ta zaɓa ba zai karɓe ta ba, sai na canza ban gaya mata ba. Ta zo ta wanke ni tas a gaban yaran shagona, sai da na biya kuɗin leshin. Bayan nan na ɗinka wata doguwar riga daga littafina na sa zuwa suna, surukata ta dube ni ta ce, “Wannan kuma wane irin iyayi ne?” Tun ranar ban ƙara buɗe littafin ba. Maigida ya ce abin da ke kawo kuɗi shi ne sana'a, sauran duk wasa ne. Yanzu in na hau keke ji nake ni da shi ba mu da bambanci. Wani lokaci sai in ga hawaye na ɗiga a kan kayan mutane. Anti, rashin godiyar Allah ne ke damuna ko girman kai? In rufe shagon ne, ko in ƙona littattafan in huta?

'Yarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Kada ki ƙona komai. Da wannan na fara, domin na san yadda zuciya take in ta ƙuntata da tsakar dare, yara sun yi barci, ga ashana kusa da risho. Shagon ma kada ki rufe shi. Ƙofa biyu kika kawo min kika ce in zaɓa miki ɗaya, ni kuwa na leƙa kowacce ban ga alheri a bayanta ba. In kin rufe shago kin toshe wa gidanki wata hanyar abinci, sannan ki zauna a ɗaki da littattafai biyar ba ki da kuɗin sayen ko ƙwaryar zare. In kuma littattafan kika ƙona, idon da ya zana su yana nan tare da ke. Gobe wata za ta gifta ta gaban shagonki, ki kalli hannun rigarta, ki ji ranki yana cewa da an rage nan an ƙara can. Wuta ba ta cin wannan.

Sai maganar girman kai da rashin godiya, wadda na ga ita ta fi ci miki tuwo a ƙwarya. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da nake so ki riƙe. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ke da ƙwayar zarra ta girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Sai wani mutum ya ce, to ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Aka amsa masa cewa Allah Mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ki lura da abin da aka yi tambayar a kansa: tufa. Sana'arki ke nan. Son ki ga riga ta zauna daram a jikin mai ita, son ki fitar da abin da babu shi jiya, ba ya cikin abin da aka kira girman kai. Godiya kuwa, yadda na fahimce ta, har da amfani da abin da aka ba ka. Wanda aka yi wa kyautar gona ya ce ya gode, ya bar ta ta zama saura, da sauran godiya a kansa. Allah ya ba ki shago, kin gode kina buɗe shi kullum. Ya kuma ba ki ido da hannu irin wanda ba kowace tela ke da shi ba, shi kuma kin danne shi da zannuwa a akwati. Ƙuncin da kike ji daga nan yake tasowa.

Amma tunda hadisin ya ambaci ƙin gaskiya, bari in taɓa ki kaɗan. Maganar leshin nan, ke ce ba ki kyauta ba. Na san ba shi kike son ji ba, amma in na rufe miki na cuce ki. Kayan da mace ta ajiye a shagonki amana ne. Wataƙila adashi ta kwasa ta saya, wataƙila daga lefenta ta ciro shi, ta daɗe tana hango kanta a ciki ranar biki. Kika sa almakashi inda ba ta ce ba. Ko da wuyan da kika yi ya fi nata kyau sau goma, kuma ina kyautata zaton ya fi ɗin, ba ki da ikon yanke mata hukunci a kan abinta. Cin mutuncin da ta yi miki gaban yaranki bai dace ba, wannan kuma nata ne tsakaninta da Allah. Kin biya, an wuce wurin. Abin da ya dame ni shi ne karatun da kika ɗauko daga abin. Darasin da ke ciki ƙarami ne, wato ki tambaya kafin ki yanka. Ke kuwa sai kika tafi gida da wani babba wanda ba shi aka biya miki ba, wai idonki ne mai laifi, gara ki rufe shi ki dinga bin hoto kamar makauniya.

Su kuma masu miƙo miki waya, kada ki riƙe su a zuciya. Ki tambayi kowace mace a garin nan, daga Kawo har Barnawa, za ta ba ki labarin telan da ya taɓa ɓata mata atamfa ana jibi Sallah. Hoton nan garkuwarta ce. In ɗinki ya fito a karkace tana da abin nunawa ta ce ba haka muka yi da ke ba. Ra'ayinki kuwa ba ta ma san kina da shi ba, balle ta raina shi. Ta ina za ta sani? Mai ɗinkin da ke Legas ko Dakar ta ɗinka nata, ta sa wa mace mai tsayi, ta ɗauki hoto a wuri mai haske. Naki yana kan takarda da biro, a ƙasan akwati. An ce gani ya kori ji, naki kuwa ko jin labarinsa ba a yi ba.

Da na zo inda kika ce ke da keken ba ku da bambanci, sai da na dakata da karatun, don mahaifina na tuna, Allah ya jiƙansa. A ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya yi aiki. Ke ba ki riski zamanin sosai ba. Tun da aka buɗe ta farko a 1957 sai wasu suka biyo baya, unguwar ta cika da ma'aikata daga ko'ina, in an tashi daga aiki kekuna kamar fara a kan titi. Aikinsa tsayuwa ne gaban injin saƙa, zare ya tsinke ya ƙulla, ya sake tsinkewa ya sake ƙullawa, cikin ƙarar da in ya dawo gida sai mun ɗaga murya yake jin mu. Tsawon shekarun da ya yi a can ba wanda ya taɓa tambayarsa wane launi ya fi so. Amma duk ranar da aikin safe ya yi, in ya sallaci la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗauko hular da yake ɗinkawa. Yakan yi wata guda a kan hula ɗaya, wani lokaci ya fi. Yadinsa ne, zarensa ne, kuma ban taɓa ganin ya maimaita zane ba. In ya gama wata ya sayar, wata ya ba aboki, wata ya sa da kansa zuwa masallacin Juma'a. Tun ina ƙarama na lura fuskar da yake dawowa da ita daga Kakuri daban take da wadda yake shigo mana da ita bayan magariba. Ta biyun ce ke wasa da mu, ita ke tambayar abin da aka koya mana a makaranta. Da masaƙun suka durƙushe hular ta taimaka da cefane, gaskiya ne, amma ya shekara kusan ashirin yana yinta albashi na shigowa, ba don gudun wata rana ya fara ba. Bai bar aikinsa ba, bai kuma bari aikin ya cinye shi gaba ɗaya ba. A cikin yini ya ware ɗan lokaci inda shi ke cewa ga yadda za a yi. Irin wannan lokacin ne ya ɓace miki, 'yata, shi kuma nake so mu nemo.

Shekara taran da kike gani kamar asara, makaranta kika yi ba ki sani ba. Duk hoton da aka miƙo miki sai da kika warware shi da ido, kika gano inda aka tsaga, inda aka tattare, yadda aka ɗora hannu, alhali ba ki taɓa rigar ba, ba ki ga bayanta ba. Wannan ba ƙaramin karatu ba ne. Ki je Fanteka ki ga maƙeran da ke haɗa injin niƙa da injin matsar gyaɗa daga tsoffin ƙarafa. Da kallon na waje suka fara, suka kwance suka ɗaura, har suka gane inda bai dace da aikinmu da aljihunmu ba, suka sauya. Kwaikwayo matakin farko ne na kowane gwani. Matsalar kawai ita ce a shekara tara a kan matakin ba a ɗaga ƙafa ba.

In kin sami takardar naira ashirin ki juya bayanta. Matar da ke aikin tukunya a wurin Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari, daga garin Kwali. A gida ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya, a hannun 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga. Ta koyi duk abin da ake koyarwa, juya yumɓu a kan faifai, shafa masa ruwan ƙyalli, gasa shi a tanderu mai tsananin zafi. Amma manyan randunanta ta ci gaba da gina su da hannu yadda aka koya mata a gida, ta ci gaba da zana musu ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu irin na mutanenta. Su ne suka kai ta Ingila da Amurka tana nuna aikinta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da ta tsaya a kan kofuna da farantai irin na Bature kaɗai, da ta zama ƙwararriyar ma'aikaciya, amma ba na jin yau muna juya kuɗi muna ganin fuskarta.

A Zariyarku ma an yi irin haka. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya. Malamansu yawanci Turawa ne, ana koya musu zane yadda ake yinsa a Ingila. Suka ce za su karɓi dabarar, amma kowa ya koma gidansu ya nemo abin da zai zana da ita. Shi Uche Okeke, wanda a Kafanchan ya tashi, sai ya koma ga zanen uli da matan ƙabilarsu ta Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai.

Kin ga inda na dosa. Ke ba sai kin yi tafiyar nema ba, a gefen kakarki kika tashi. Kin ga yadda mai zane ke fitar da aska takwas da aska biyu a kan riga, kin ga tambari yana zagaye kansa, kin ga dagi, kin ga ƙwado da linzami a wuya, kin ga yadda mai surfani ke bin zanen ɗinki bayan ɗinki har makonni. Telolin mata nawa ne a Kasuwar Barci suka san wannan da hannunsu? Mai ɗinkin da ake nuno miki hotonta a waya tana da injina, tana da duwatsu masu walƙiya, amma ba ta zauna a tsakar gidan kakarki ba. Wa ya ce tambari sai a babbar riga? Me zai hana aska ta sauka 'yar ƙarama a bakin hannun abaya, ko dagi a gefen mayafi, da zare mai launin yadin, yadda sai an matso za a gane aikin hannu ne? Rigar ta mace ce, yankanta na mace, adon ne kawai aka ɗauko daga cikin gida. Ban ga littattafanki ba, amma zan yi mamaki in babu hannun tsohuwar nan a cikinsu. Kayan aro ba ya rufe katara, wannan kuwa gadonki ne.

Sai dai ki shirya wa abu guda. Zanen da bai taɓa haɗuwa da almakashi ba kullum kyakkyawa ne. Takarda ba ta zamewa a ƙarƙashin keke, ba ta da kafaɗa, ba ta da ƙugu, ba ta zama ta tashi. Cikin littattafan nan biyar akwai zanen da in kika ɗinka za ki ga sam bai zauna a jikin mutum ba, akwai wanda zai fito kamar buhu. Za ki ji zafi. Ina ma zaton, ki gafarce ni, cikin abin da ya sa kika rufe akwatin har da tsoron wannan, domin muddin suna kan takarda ba mai iya cewa ba su yi ba. To ki bari wasu su lalace. Mahaifina yakan farke aikin kwana uku ya sake, ban taɓa jin ya ce hular ce ta ƙi shi ba.

Ta ina za ki fara? Ba cikin azumi ba, lokacin da kaya suka kai rufin shago kina kwana a kan keke, kuma ba makon da anko ya yi miki yawa ba. Kin fi ni sanin yadda kasuwa ke yin sanyi bayan Sallah, keke ya yini a rufe. Wannan lokacin da telolin ke ƙorafi a kansa, naki ne. A sauran ranaku kuma ki nemi ko da minti arba'in, bayan yara sun tafi makaranta kafin ki buɗe ƙofar shago, ki ajiye wayar a jaka. Ki fara da ƙyallayen da ke taruwa a buhu ƙarƙashin tebur, waɗanda masu su suka bar miki. Wuya kaɗai ki ɗinka, ko hannu kaɗai, ki maƙala a bango. In wani ya yi miki, ki sayi yadi mai sauƙin kuɗi da kuɗinki ki fitar da riga sukutum, ɗaya a wata ta isa. Ki sa wa kanki, ki sa wa 'ya'yanki in akwai mata a ciki, ki rataye ɗaya inda duk mai shigowa za ta gani, ki ɗauki hoto da hasken safiya ki ɗora a WhatsApp. A kan yadin da kika saya da guminki ba mai ce miki don me.

Da masu kawo ɗinki kuwa, bakinki za ki buɗe kafin almakashi. In ta miƙo wayar ki karɓa ki duba da kyau, ki ce, “Hajiya, zan yi miki irinsa sak in shi kike so. Amma ga wani wuya can a bango, ina ganin zai fi karɓar ki, ko za ki duba?” In ta ce a'a, ki yi mata nata da zuciya ɗaya, ki gyara shi iyakar iyawarki, don shi ma aikinki ne kuma da shi ake sayen yadin gwaji. Da yawa za su ce a'a. Wata rana ɗaya za ta ce to gwada mu gani. Ita wannan ki riƙe ta da kyau, don in ta shiga taron biki aka tambaye ta wa ya yi mata, ta gama yi miki talla. Kuma ki sani tun yanzu, ranar da ɗinkinki ya yi kyau sosai wata za ta ɗauki hotonsa ta kai wa wata telar ta ce irin wannan sak. Zai sosa miki rai. Haka sana'ar take, ba ki da yadda za ki hana. Abin da ba za a iya ɗauka a waya ba shi ne wanda ba ki riga kin fitar ba, kuma ke kina da littafi biyar.

Surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya, ban san abin da ta gani a rigar ba, ke ma ba ki tambaya ba. Ki zauna ki tuna da gaskiya. In rigar ta matse ne, ko ta bayyana abin da ya kamata a rufe, to tsohuwa ta yi gaskiya, ki gyara, sutura tana gaba da ado kuma gwanar tela ba ta rasa yadda za ta haɗa su biyun. In kuwa baƙon abu ne kawai idonta bai saba da shi ba, to magana ce ta faɗa a tsakar taro ta wuce, wataƙila ta manta da ita tuni, ke kuma kin ɗauke ta kin shekara da ita a ka. Ga abin da zan yi in ni ce ke. Zan sayi mayafi mai kauri irin wanda take so, launi mai nutsuwa, in yi masa surfani da hannu a gefe, siriri, irin aikin da ta sani tun ƙuruciyarta, in kai mata da kaina in durƙusa in ce, “Hajiya, ga wannan na yi miki.” Matan zamaninsu sun san darajar aikin allura fiye da mu. Ko ba ta yaba a gabanki ba, ki sa ido ki ga ko za ta yafa.

Maigida kuma kada ki yi jayayya da shi a kan ma'anar sana'a. Mutumin da ya kama miki shago ba maƙiyin hannunki ba ne, lissafin gida yake yi, kuma kin san yadda kasuwa take a yanzu. Abin da yake tsoro shi ne kuɗin shago su tafi a wasa, ko a sake biyan wani leshin. Ki cire masa wannan tsoron. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa ɗinkin mutane ba zai tsaya ba, kayan kowa ba za ki ƙara taɓawa ba sai da izini, ga ɗan abin da za ki dinga warewa duk wata daga ribarki na yadin gwaji, ba zai wuce haka ba. Sannan ki gaya masa abin da kika gaya min, da kalmomin da kika gaya min, har da hawayen. Ina da yaƙinin bai sani ba. Maza da yawa suna ganin mace ta fita shago ta dawo da kuɗi sai su ɗauka komai lafiya.

Hawayen nan ban wuce su ba. Ina sa ran in hannunki ya koma kan abin da yake so za su ragu. Amma in kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, ba abin da ke faranta miki rai ko da wasan yaranki ne, kuma abin ya ɗauki makonni, ki je asibiti ki gaya wa likita yadda kike ji ba tare da kunya ba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinsa, kuma ba ya nuna raunin imani. Ki haɗa da addu'a, ki kuma nemi 'yar'uwa ɗaya da za ki dinga buɗe wa cikinki.

Yaran shagonki da aka ci mutuncinki a gabansu, su ma suna kallon abin da za ki yi bayan nan. A cikinsu wataƙila akwai mai zane a bayan littafin makarantarta tana ɓoyewa. Ki raba musu ƙyalle wata ranar Asabar ki ce kowa ta fitar miki da hannun riga daga kanta, kada ta kalli waya. Ki duba na kowa, ki faɗi inda ya yi da inda bai yi ba, yadda kakarki ta yi miki.

Ba ki faɗa min ko tsohuwar tana raye ba. In tana nan, ki nemi izinin maigida ki shiga mota a Kawo wata safiya, kafin azahar kin daɗe da isa Zariya, ki kai mata littafin farko ta gani. In kuma ta riga mu, Allah ya haskaka kabarinta, ki tambayi kawunnanki ko akwai rigar da ta yi wa aiki da ta rage a wurin wani. In an fito miki da ita ki ɗauki hoton gabanta, sannan ki juya ta ki ɗauki na ciki, don a can ne za ki ga yadda allurarta ta bi. Ki rubuto min in kin dawo, ina so in ji wane zane kika fara yankawa.

Antinki